Maki Goma na Rayyis Hilmi

Asabar, 2 ga Nuwamba, bakwai na safe

Kyaftin Adli, mai horar da mu, shi ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da ke kaina kafin wasa da bayan wasa. Wai haka manyan 'yan shaɗaranji, darar nan mai sarki da waziri da dawakai, suke yi. To na saya, ga shi na buɗe, kuma abin da ke kaina lamba ce kawai: 2003.

Makina ke nan a jerin 'yan wasa na duniya. Shekara ashirin da biyu ina bin dubu biyu, in na matso ta matsa, sai watan jiya na tsallaka. Na Rayyis Hilmi 1996 ne. Dole ce ta sa na rubuta nasa, tunda maganar duk a kan mu biyu take. Kulob zai tura mutum huɗu Alƙahira a Disamba, gasar ƙungiyoyi ta ƙasa, kowa da allon da zai zauna a kai. Allo na ɗaya zuwa na uku suna da masu su, ba mai ja. Allo na huɗu shekara tara yana hannun Rayyis, ni kuwa ɗan jiran ko-ta-kwana ne, ina riƙe wa mutane jaka da gorar ruwa. Kyaftin ya ce bana ba ruwansa da tarihi. Ranar ɗaya ga Disamba sabon jeri zai fito, wanda ya fi maki a cikinmu shi ke da allon.

Da son raina ne, da na zauna a gida na rungume 2003 ɗina har Disamba, tunda wanda bai buga ba ba ya asara. Kyaftin ya san wannan dabarar, shi ya sa ya ce duk mai son Alƙahira sai ya shiga gasar kulob. Mu takwas ne, kowa zai kara da kowa, Litinin da Alhamis. Jiya aka jefa ƙuri'a. Ni da Rayyis zagaye na ƙarshe, ashirin da biyar ga wata.

Shekarata arba'in da bakwai. In ban zauna a allon nan bana ba, ban ga ranar da zan zauna ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Daga gidanmu a Bur Fu'ad zuwa ofis a Bur Sa'id minti goma ne a jirgin fito. Yau na yi minti talatin da biyar, saboda jirgin da ya fara isowa Rayyis ne ke tuƙa shi. Na hango hularsa ta ulu ta gilashin sama, na ja baya na tsaya wajen mai gasa masara kamar ina jiran wani. Mako bakwai ke nan ina wannan aikin.

Da na dawo, matata Suhair ta tare ni tun ban cire takalmi ba.

"Baban Nada, wai me ya haɗa ka da Rayyis? Na ga matarsa a kasuwar kifi, kai kawai ta ɗaga mini ta wuce."

"Ba komai. Aiki ne ya yi masa yawa."

"Shekara ashirin da biyar kuna zaman Juma'a a shagon shayin Ammu Gharib. Ranar da na haifi Nada ma sai da kuka ƙarasa wasanku kafin ka zo asibiti. Yanzu ne aiki ya yi masa yawa?"

Na ce shinkafar ta yi gishiri. Ba ta yi ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, shida da rabi na safe

1989.

Dakta Lutfi ya ci ni. Lutfi fa! Likitan haƙori mai maki 1850, wanda ke buɗe wasa iri ɗaya tun lokacin da yake da gashi a ka. Kuma ba fi na ya yi a allo ba. Na fi shi soja ɗaya, hasumiyata tana cikin gidansa, lokaci ne ya ƙare mini. Minti casa'in na cinye ina kallon abin da na riga na gani.

Hannuna ne. Duk wanda ya koyi wasan nan, dokar da aka fara dasa masa ita ce abin da ka taɓa shi za ka matsar, ko da kuwa zai kai ka rami. In daidaita zamansa kawai kake so, sai ka fara cewa "gyara nake" a fili, abokin wasa ya ji, sannan ka taɓa. Jiya in na miƙa hannu sai ya tsaya a sama, ya dawo. Daga baya na zauna a kansa gaba ɗaya.

Da muke sa hannu a takarda Lutfi ya ce, "Ustaz Wagdi, ka leƙo shagona in duba ka. Tun taku na goma nake jin kana niƙa haƙora, kuma kyauta zan yi maka, ai ka riga ka biya da maki sha huɗu."

Na yi dariya. Allah ya sani so na yi in kifa masa allon a ka.

Rayyis ya ci nasa wasan, shi ne yanzu a 2003. A hukumance ba abin da zai canja sai Disamba, amma kowa a zauren nan yana da nasa lissafin a waya.

Laraba, 6 ga Nuwamba, azahar

Na duba makina sau tara yau, alhali na san ba abin da zai taɓa shi kafin gobe.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar

1983. Mai allo na ɗaya ne ya ci ni jiya, wannan ba abin kunya ba ne, kowa yana ci. Ba wasan ne ya tsaya mini a rai ba.

Rayyis ya shigo zauren yana bi tebur tebur yana gaisawa, kamar yadda ya saba. Ya zo kaina ya miƙo hannu. Ya ce, "Barka da yamma, Ustaz Wagdi."

Ustaz Wagdi. Mutumin da ya koya mini yadda ake kashe sarki da giwa biyu a bayan kwalin sigari. Shekara ashirin da biyar "ƙanina" yake ce mini, in na ɓata wasa kuma "kai ɗan gaggawa." Da zagi na ya yi a gaban mutane da ya fi mini sauƙi.

Yau bayan masallaci ƙafata ta kai ni shagon Ammu Gharib. Ya kawo shayi kofi biyu, ya dubi kujerar da ke gabana, ya ɗauke ɗaya.

"Ina abokin faɗan naka?"

"Yana aiki."

"Ran Juma'a? To Allah ya ƙara wa mashigin ruwa albarka." Ya goge teburin da ba shi da datti. "Ni dai allonku yana nan a bayan firji, ban ba kowa ba."

Na shanye shayin da zafinsa na tashi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Lokacin cin abinci na kulle ofis na buga wasan minti uku-uku a waya da mutanen da ban sani ba. Ashirin na buga, aka ci ni sha huɗu. Kowane na ce shi ne na ƙarshe. Sai da maigidana ya ƙwanƙwasa yana tambayar takardar kayan abincin wani jirgin Girka, na ga ashe ko buɗe ta ban yi ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, bakwai na safe

Canjaras. 1980.

Ni na nemi canjaras ɗin, a taku na sha huɗu, kuma ni ne a sama. Na kalli allon na ga hanya, sai na kalli lambar abokin wasana a takarda, na lissafa abin da zan rasa in hanyar ta ɓace mini, bakina ya riga ni. Mutumin har ya dube ni sau biyu kafin ya cafke hannuna.

Kyaftin ya same ni a bakin matakala. "Wagdi, shaɗaranji ka zo bugawa ko tsaron shago?"

An ci Rayyis jiya, ya dawo 1996. Na ji daɗi, kuma na tsani kaina saboda daɗin.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, uku na rana

Ba na son Alhamis.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da hantsi

1969. Lokaci ya sake ƙare mini.

Na daɗe a zaune bayan an tashi. Tebur biyu ne tsakanina da Rayyis, shi bai gama ba, sai na tsinci kaina ina kallonsa. Hannunsa na dama ya fara rawa. Ban san yaushe ya fara ba. In zai ɗauki soja sai ya dafe gwiwar hannun da ɗayan. Shekararsa hamsin da tara, baɗi zai ajiye tuƙi. Da can da ni zai fara gaya wa irin wannan.

Ya yi canjaras da mai allo na biyu. Wasa mai kyau ya buga, gaskiya.

Asabar, 16 ga Nuwamba, bayan magariba

Kyaftin ya kira ni kulob, ya baje takardun wasannina huɗu a tebur, ya sa tabarau.

"Zauna. Lissafinka lafiya lau, idonka lafiya lau. To me doki ya yi maka?"

"Wane doki?"

"Dokinka mana, na gefen sarki. Wasa huɗu, ba ka fito da shi ba sai bayan taku na sha biyar. Shekaranjiya ma a gida ya mutu, ko ƙofa bai leƙa ba. Kai da muke yi wa kirari da dawakai? Cizon ka ya yi?"

Na ce ban lura ba. Wallahi ban lura ba, sai da ya faɗa.

Ya ba ni shawara uku. In liƙa takarda a kan makin abokin wasa kada in gani. In miƙa wa Suhair waya ranar wasa. In daina lissafin Disamba in buga abin da ke gabana. Duk na yarda, duk na sha ji.

Sai ya ce, "Sannan ka kawo mini takardar wasanka na Satumba, wanda ka ci Rayyis. In mutum ya rikice, wasan da ya fi yi masa daɗi ake sa shi ya sake bi, ya tuna ko shi wane ne. Ai shi ya kai ka dubu biyu, ko? Goma ka karɓa, goma ya sauke."

Na ce ta ɓace. Ya ce ba komai, kwafinta yana wajen Ustaz Morkos, alƙalin wasa, zai karɓo. Na ce kada ya wahalar da dattijo, zan nemo ta.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ba sai na nema ba. Suhair ta ajiye mini ita kusa da farantin kifi, a ninke huɗu.

"A cikin kwalin tsofaffin takalmanka na gan ta. Na ɗauka wasiƙar wata ce, har na shirya maka."

"Takardar wasa ce."

"Na ga alama. Ni ban san shaɗaranji ba, Wagdi, ban ma son in sani. Amma canjaras ɗin da ka yi da ɗan Rashan nan shekara goma da suka wuce, gilashi ka sa mata ka rataye a falo, duk baƙon da ya zo sai ya sha labari. Wannan kuwa cin Rayyis ka yi, ka kai dubu biyun da ka ishe mu da ita, sai ka cusa ta cikin takalmi?"

Na ce ta bar maganar.

"Na bari. Amma ka sani tun Satumba ba ka yi dariya a gidan nan ba. Har Nada ta bugo daga makaranta tana tambaya ko ciwo kake ɓoye mana."

Bayan ta shiga kicin na buɗe takardar. Mu tsofaffin hannu muna da wata ɗabi'a da aka hana yanzu: mu fara rubuta taku sannan mu buga. A taku na ashirin da uku akwai harafin da na fara rubutawa na soke da layi biyu. Har yanzu ana iya karanta shi.

Na mayar da ita aljihun kwat.

Talata, 19 ga Nuwamba, bakwai na safe

Na ci. 1976.

Na liƙa takardar, na ba Suhair waya, kuma a taku na biyu na fito da dokin da gangan. Daga nan wasan ya tafi yadda ya kamata. Kyaftin ya daki kafaɗata ya ce ga Wagdinsa ya dawo.

Na jira in ji daɗi a hanyar gida, ban ji ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, tara na safe

Iska da ruwan sama tun asuba. An tsayar da jiragen fito sai guda ɗaya, kuma na san wa ake bar wa tuƙi in ruwa ya ɓaci. Ba yadda na iya, na shiga. Na tsaya a bayan wata motar burodi, inda ba a hango mutum daga sama.

A tsakiyar ruwa wani ƙaton jirgin kaya ya busa ƙaho, har cikina na ji shi.

Ranar Alhamis ɗin nan ta Satumba ma an busa ƙaho. Tagogin kulob a buɗe suke, kowa ya ji. Wannan dai gaskiya ne, an busa. Da Ustaz Morkos ya zo teburinmu ya tambayi Rayyis ko ya ji na yi magana, ya ce bai ji ba. Ni kuma na ce ai ƙahon jirgi ne ya hana shi ji. Mutumin da ya shekara talatin yana jin kiran ma'aikatansa ta cikin ƙarar inji, shi na gaya wa haka.

Ya danna agogo muka ci gaba, amma hankalinsa ya riga ya bar allon.

Yau ya sauke mu lafiya, ko girgiza ba mu yi ba a bakin gaɓa.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Na ci mai allo na biyu. Ni! Awa huɗu, kuma dawakai biyu ne suka yi aikin. Tun da nake ban taɓa cin sa ba.

Ni 1988, Rayyis 2001. Na yi alkawarin daina lissafi, amma wannan ba ya buƙatar waya. In na ci shi ran Litinin, ni 1998, shi 1991, allon nawa ne. In canjaras ne, ko ya ci ni, nasa ne.

Goma kuma. Goma ɗin nan dai.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na yini ina shirya wa Rayyis. Na san abin da zai buɗe da shi, na san ba ya son a matse shi ta gefen waziri, na san yana gajiya bayan awa uku. Duk shi ya gaya mini, a shagon Ammu Gharib, yana dariya.

Litinin, 25 ga Nuwamba, biyu na rana

Na yi aski. Na sa kwat ɗin. Takardar tana aljihu, ban san dalilin da ya sa ban cire ta ba.

Talata, 26 ga Nuwamba, shida na safe

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Ya zo da hularsa ta ulu. Muka gaisa, ya ce Ustaz Wagdi, na ce Rayyis. Shi ke da farare. Awa uku ba wanda ya ba wani ko soja, kuma ni na san allon canjaras yake nufa, canjaras kuwa nasa ne. Sauran duk sun gama, sun zagaye mu a tsaye. Kyaftin yana bayana, ina jin numfashinsa.

A taku na talatin da ɗaya ya miƙa hannu. Sojan da ke gaban giwarsa yake nufi, kowa ya san haka, shi ne takun da ya dace. Hannun ya yi rawa ya sauka a kan giwar. Yatsu uku, sarai, har ta ɗan karkata.

Giwar nan ita ke tare hasumiyarsa. Duk inda ta je, hasumiya ta tafi a banza.

Zauren ya yi tsit. Ya bar hannun a kanta, bai ɗaga ba. Ni kuma ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Na ji ka ce gyara kake, Rayyis."

Ya ɗago ya dube ni. Tun Satumba bai dube ni a ido ba sai jiya.

"Ban ce ba."

"Na ji kamar..."

"Ban ce ba, Ustaz Wagdi."

Ya ɗauki giwar ya ajiye ta gida biyu gaba, ya danna agogo, ya rubuta takunsa da hannun nan mai rawa.

Na zauna ina kallon hasumiyar. Minti goma sha ɗaya, in ji Kyaftin daga baya. Na yi tunanin in buga wani abu dabam kamar ban gani ba. Na yi tunanin in nemi canjaras. Ya karanci fuskata, ai shi ya rene ta a kan allo.

A hankali ya ce, "Ci mana. Kada ka ƙara mini wani a kan na farko."

Na ci. Ya buga taku tara a bayan nan, sannan ya kwantar da sarkinsa ya miƙo hannu. Ya sa hannu a takarda, ya gaisa da Ustaz Morkos, ya fita.

1998 da 1991. Kyaftin ya rungume ni yana tambayar lambar rigar da zan sa a Alƙahira. Lutfi ya ce in tuna da shi in na zama babban mutum. Na ce musu na gode.

Kunya nake ji. Tunda nake ban taɓa jin irinta ba.

Talata, bayan la'asar

Suhair ta ce, "Ka ci?" Na ce na ci. Ta dube ni ta ce, "Allah ya sawwaƙe."

Laraba, 27 ga Nuwamba, bayan magariba

Na sami Kyaftin da Ustaz Morkos a ofishin kulob suna cike takardar tafiya, sunana har an rubuta. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa a tsaye, don na san in na zauna ba zan faɗa ba.

Ranar sha biyu ga Satumba, a taku na ashirin da uku, na kama dokina zan yi tsalle da shi. Yana hannuna na ga in ya tashi wazirina ya tafi. Na sake shi na matsar da hasumiya. Rayyis ya ce na taɓa doki, na ce ai na ce gyara nake. Ban ce ba. Ko a zuciyata ban ce ba.

Ustaz Morkos bai yi mamaki ba. Ya jawo aljihun tebur ya fito da kwafin takardar, ya ɗora yatsa a kan harafin da na soke.

"Tun ranar na gani, ɗana. Amma harafi ba shaida ba ne, ni kuma idona bai gani ba. Na yi ta jiran ka." Ya ce sakamakon ya riga ya shiga jeri tun Oktoba, ba mai iya fito da shi. Goman nan tana wuyana har abada.

Kyaftin kuwa sai da fuskarsa ta yi ja. Ya cire tabarau ya jefar a tebur.

"Ni ka mayar sakarai? Ina cewa ka kawo wasan da ya fi maka daɗi, kana kallona?"

"Ka yi haƙuri, Kyaftin."

"Haƙurin me? Shekara ashirin da biyu kana riƙe jaka ba ka taɓa ba ni kunya ba, sai da ka ga kujera!" Ya ja takardar tafiyar ya soke sunana, biro har ya huda ta. "Allon na Rayyis ne, in ya yarda ya karɓa. Kai kuma bana ko jakar ba za ka riƙe ba."

Na ce daidai ne. A matakala na zauna na yi kuka kamar ba magidanci ba. Ina son allon nan. Har yanzu da nake rubutun nan ina son sa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, biyar na yamma

Na jira Rayyis a bakin gaɓa har ya tashi aiki. Duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Na ciro takardar Satumba na miƙa masa. Ya buɗe, ya duba, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya wuce wajen masu tasi.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je shagon Ammu Gharib bayan masallaci, don ba ni da wani wurin zuwa. Ya kawo kofi ɗaya. Ina cikin juya sukari sai na ga ya koma ciki da sauri, ya fito da allon nan na bayan firji yana hure masa ƙura.

Rayyis ya ja kujera ya zauna. Bai gaishe ni ba. Ya zazzage 'ya'yan wasan, ya shimfiɗa takardar a gefe, ya shiga jera su ɗaya bayan ɗaya, yana dafe gwiwar hannunsa. Ba jerin farkon wasa yake yi ba. Tun kafin ya gama na gane: taku na ashirin da uku, ga dokina, ga wazirina a bayansa, ga giwarsa tana hango su.

Na ce, "Ban ce ba, Rayyis."

"Na sani. Ina wurin."

"Na gaya wa Kyaftin da..."

"Sun kira ni. Kai ɗan gaggawa, surutu ka zo yi? Wasa naka ne."

Na kama dokin na ajiye shi inda na yi niyya tun Satumba. Ya ɗauke wazirina ya ajiye a gefen farantin sukari. Na kai hannu zan kwantar da sarki, ya buge mini yatsu.

"Wa ya sallame ka? Ni na buga taku tara ba hasumiya. Buga."

Ammu Gharib ya ajiye masa shayi ya tsaya a kanmu da tire a hannu. "Yau kuma wa ke cin wa?"

"Koma bakin wutarka, Gharib," in ji Rayyis.

Taku goma sha tara na yi kafin ya kashe ni. Hannuna bai tsaya a sama ba ko sau ɗaya.

Ya kwashe 'ya'yan wasan ya zuba a akwati, ya tura mini takardar ta kan tebur ya ce in riƙe kayata. Na tambaye shi ko zai je Alƙahira. Ya ce zai je, kuma da wannan hannun zai buga, duk abin da ya taɓa.

Shayin da na saya masa bai sha ba. Ya sa hularsa, ya kai bakin ƙofa, sannan ya ce wa Ammu Gharib, ba ni ba, kada ya mayar da allon bayan firji, ƙura tana ɓata shi.